Guga Mai Doguwar Igiya

Ɗakin haya a Rikkos, ƙarfe huɗu na asuba.
Sanyin Jos ya shigo ta ƙasan ƙofa, ya zauna kusa da ni.
Shayina ya huce, kwamfuta na huci,
janareton maƙwabci na tari a bayan katanga.

Wata uku ina gina shafin nan.
Na shafe shi da launin ganyen dankali,
na jera kasuwanni: Mangu, Bokkos, Farin Gada.
Amma lambobin da ke ciki,
ni na rubuta su da hannuna, suka sandare a wurin.
Hoton ruwa ne, ba ya kashe ƙishi.

Alhaji Tasi'u ya duba, ya yarda da ni,
ya tura mota Mangu da kuɗin buhu sittin,
ta dawo da arba'in da biyu.
Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi.
Cewa ya yi, "Yaro, farashi ba ya kwana inda ya yini."

To, ga ni.
Rumbun bayanan na can wata ƙasa da ban taɓa takawa ba,
a gidan da ba taga,
inda fankoki ke yi wa injuna fifita dare da rana.
Ni kuwa ina nan da igiya a hannu,
ina ɗaura mata guga.

Na faɗi sunana, na ba da kalmar sirri,
kamar baƙo mai sallama a zaure.
Sannan na rubuta buƙatata, ba kwana-kwana:
zaɓo mini farashin buhu
daga jadawalin dankali,
inda gari Mangu ne, rana kuma yau,
sabo a sama, tsoho a ƙasa.

Jan rubutu. Kuskure.
Rumbu bai san "ai ka gane" ba,
abin da ka furta shi yake ji.
Waƙafi guda na mance,
ɗan abin da bai kai ƙwayar acca ba,
shi ya riƙe ni har aka kira salla.

Na dawo daga masallaci, na gyara, na sake zurawa.
Guga ya nutsa, ya nutsa,
ƙaramar da'ira na ta juyi a allo,
sai ya dawo fayau.
Wannan karon ba kuskure, amsar ke nan: babu.
Igiya lafiya, rijiya lafiya,
idon ruwa ne bai tsattsafo ba.

Sai na tuna da Nanret.
Ita ce idon ruwan.
Yau Juma'a, tana bakin kasuwa cikin rigar sanyi biyu,
jar ƙasa a faratanta,
wayarta mai tsagaggen gilashi ɗaure a gefen zane.
Sai an sauke buhun farko, an yi ciniki, an tafa,
sannan za ta goge babban yatsa a zani ta latsa.

Shida saura kwata.
Ban taɓa komai ba, allo ya ƙifta.
Layi guda ya bayyana, da sunanta a gefe.
Daga Mangu zuwa nan tafiyar fiye da awa ce a mota,
amma lambar ta ƙetare teku ta dawo
kafin in kai kofi baki.

Ina kallo ta sake motsi, ta hau da ɗari biyar.
Wata mota ce ta maƙale a laka?
Ko wani dillali ne ya iso da zafinsa?
Rumbu bai ce ba. Ban tambaye shi wannan ba.

Na toshe duk kafar da ɓarawo zai zuro tasa igiyar,
na mayar wa rijiya murfi,
na aika wa Alhaji saƙo.

Ya kira, muryarsa da sauran barci:
"Wannan na yaushe ne?"
Na leƙa allon tukuna.
"Na yanzu," na ce. "A'a, dakata. Ya canza."